Mai Riƙe Mini Birki

Ranar da aka kawo motar ban ko bari an cire ledar kujerun ba. Na zauna ina shaƙar ƙamshin sabunta, ina shafa sitiyari, bakina har kunne. Sai da na leƙa ƙasa murnar ta ɗan ragu. Abin takawa uku ne, ni kuwa ƙafa biyu Allah ya ba ni.

Ni telar labule ce, kuma Auta ake ce mini a gida har yau da furfura ta fara leƙo mini. Na ɗauka ƙafar da ta yi shekara da shekaru tana taka keken ɗinki ba za ta sha wuya da kuloci ba. Ashe keken ɗinki mai haƙuri ne. Mota mai giya kuwa, ka saki kuloci da garaje ta yi tsalle ta mutu, ka sake shi da tsoro ta yi ta gurnani ba ta motsa ba. A makarantar koyon tuƙi, fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti muke ta zagayawa, shi ya sa na karɓi lasisi ina ganin na gama.

Ba don ado na sayi motar ba. Babana ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama suka daina jin maganarsa, harshe ya yi nauyi. Tun rasuwar Inna a gidana yake. Likita ya ce gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti ne maganinsa, kuma kada a riƙa tsallake rana. Masu tasi kuwa yau su zo, gobe su ce taya ta yi faci, har fashinmu ya fi zuwanmu yawa. Da Yayana ya ji, sai ya bugo waya daga garin da yake aiki.

"Auta, ba raina ƙoƙarinki nake ba, amma abin ya fi ƙarfinki. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke shi. Nan akwai direba, akwai mai aiki."

"Yaya, a can wa ya sani? Wa zai gane abin da yake cewa?"

"To ki nuna mini kina iya kai shi asibiti da kanki, ba fashi. In na gani da idona, na bar miki shi."

Na ce masa ya zo ya gani. Na ajiye wayar raina a ɓace, na kuma rantse a zuciyata Baba ba zai bar ɗakinsa ba.

Baba ne ya zaɓi motar. Direban babbar mota ne duk tsawon rayuwarsa, kuma da can yakan ce mota marar kuloci keken yara ce. Na nuna masa hotuna biyu a waya, ya ture marar kulocin da bayan hannu, ya ɗora yatsa a kan mai giyar ya ƙi ɗagawa. Tun da ya kwanta ciwo ban ga ya damu da komai ba sai ranar, don haka ban yi gardama ba.

Na fara sanin halinta a hankali. Takalmi mai tsini ba ya shiri da ita, sai na koma tuƙi ƙafa ba takalmi. A cunkoson bakin kasuwa ƙafar hagu takan yi tsami har in riƙa jin ta a ƙugu. Waya kuwa sai dai ta yi ta kuka, don hannu ɗaya na sitiyari ne, ɗaya na giya, masu labule suka fara cewa na yi mota na yi girman kai. Amma tana da nata alherin. Man da take sha bai taka kara ya karya ba, keken guragun Baba yana shiga but ɗinta, sandunan labule ma suna shiga in na kwantar da kujerar baya. Maƙwabcina da ya zo aro ya leƙa ya ga giya, sai ya tuna ashe ba nisa zai je ba.

Matsalata ɗaya ce, hawan asibiti. A kan tudu aka gina shi, kuma daidai inda hawan ya fi miƙewa aka sa ƙofa, mai gadi ya gitta ƙarfe, kowa sai ya tsaya ya karɓi kati. Ranar farko na tsaya lafiya, na karɓi katina. Ina ɗaga ƙafa daga birki mota ta fara komawa baya. Na danne birki, ta mutu. Na tayar, ta sake sulalewa. Wani mai bas a bayana ya kwanta a kan oda, ya leƙo da kai.

"Baiwar Allah, in ba ki iya ba ki sauka a tura miki!"

Gumi ya jiƙa mini baya, warin kuloci ya cika motar. Ina shirin fashewa da kuka sai na ji ƙarar birkin hannu, ƙarrr. Baba ne. Hannunsa na hagu mai lafiyar shi ne kusa da birkin, ya ja shi sama ya riƙe. Ya nuna ƙafata da haɓa. Na sa giya ta ɗaya, na taɓa totur, na fara ɗaga kuloci kaɗan-kaɗan. Ya karkatar da kai yana sauraron injin. Da muryar injin ta yi ƙasa, gaban motar ya ɗan ɗago, sai ya ce da harshensa mai nauyi, "Yanzu." Ya saki birkin, muka haye sumul.

Daga ranar birkin hannu ya zama aikinsa. Mutumin da sai na yi ta lallashi kafin ya yarda a je gashi, shi ne yanzu nake tararwa da safe ya sa hula, yana jingine da motar yana goge madubi da tsumma. Mai gashin ma ta tambaye ni me nake ba shi, don ya fara matsa ƙwallon roba da hannun da ya mutu.

Ni kuma ban zauna ba. Akwai wani hawa a bayan kasuwa, duk ranar da na kai labule sai na bi ta can ni kaɗai. In tsaya, in ja birki, in saurari injin, in saki. Masu shagunan wurin har sun san ni, in ta mutu su yi mini sannu, in na haye su tafa. Ban daina ba sai da ƙafata ta san wurin da kanta.

Wata safiya na ce bari in ba Baba mamaki. Muna tsayawa a ƙofar asibiti na riga shi kai hannu kan birkin. Sai na ga nasa hannun ya tsaya a iska, sannan ya koma kan cinyarsa a hankali, ya juya fuska wajen taga. Zuciyata ta karye. Na saki kuloci da gangan, mota ta yi tsalle ta mutu. Baba ya ja tsaki mai daɗi, ya ture hannuna, ya kama abinsa. Ban sake taɓa birkin nan ba in yana cikin motar.

Ƙarshen wata Yaya ya iso. Da safe ya buɗe ƙofar gaba zai zauna, Baba ya sa sandarsa ya tare, dole ya koma baya. Na tuƙa su cikin natsuwa, ko sau ɗaya ba ta mutu ba, har na ji Yaya yana cewa ba laifi. Amma tun daga nesa da na hango tudun na shiga tsaka mai wuya. In na hau da kaina, Yaya zai gamsu, Baba kuma ya gane ba a bukatarsa. In na bar wa Baba, Yaya zai ce ban iya ba.

Muka tsaya, mai gadi ya miƙo kati. Na ɗora hannuna a kan giya, na bar shi a nan. Ƙarrr, Baba ya ja. Na ɗaga kuloci, injin ya sauke murya.

"Yanzu."

Muka haye. Ina gyara tsayuwa a gindin bishiya Yaya ya matso tsakanin kujeru.

"Auta, wannan ce iyawar? Marar lafiya ne yake riƙe miki birki? Haba, ai wannan ganganci ne."

Amsar tana bakina. Kalma biyu kawai zan faɗa in wanke kaina, amma a kunnen Baba zan faɗe su. Na danne leɓe na haɗiye su, ina jin hawaye yana taruwa.

Baba ya juyo da ƙyar, ya dubi ɗansa. Bakinsa ya yi ta kokawa da maganar kafin ta fito, kuma tun da ya kwanta ban ji ya haɗa mai tsawonta ba.

"In ka... tafi da ni... wa zai riƙe mata?"

Yaya ya sauke ido. Ya daɗe yana kallon hannun Baba a kan birkin, sannan ya ɗago muka haɗa ido ta madubi. Ya fita ya buɗe but, na bi shi don mu sauke keken. Ya rage murya.

"Kin iya, ko?"

"Ban iya ba, Yaya," na ce da ƙarfi yadda za a ji daga cikin mota.

Ya share ido da bayan hannu, ya tura keken zuwa ƙofar gaba, ya durƙusa.

"To Baba, sai ka ci gaba da haƙuri da ita. Ka san Auta, kanta da tauri, za a daɗe ana koya mata."

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa. Kafin ya yarda a fito da shi, sai da ya ƙara jan birkin sama ya tabbatar ya kama.