Karatun da Ba Ya Jiran Fasinja

Ƙanena ma'aikacin kamfanin bas ne, shi ke tsara lokacin tashin motoci. A wurin aiki Agogo suke ce masa, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Ni da na goya shi na san tun yana yaro ba ya gane ba'a.

Da aka gano 'yarsa Auta ta kai aji uku ba ta iya haɗa baƙi ba, ya je makaranta ya wanke malamai tas, wai sun bar yarinya a baya sun yi gaba abinsu. Ya cire ta, ya ce a gida za ta yi karatu, uwar ta koyar, shi ya tsara. Uwar, baiwar Allah, har da murna. Ba ta da wani buri sai ta ji 'yarta ta karanta layi ɗaya daga farko har ƙarshe.

Tsarin ya iso a ƙaton kwali, an ja layuka da rula, aka manna a bangon falo. Karatu, lissafi, kimiyya, har da tarihi, duk don yarinyar da sunanta ma gagarar ta yake. Kowane darasi da ɗan guntun lokacinsa. Ya sayo agogo mai ƙararrawa ya girke a kan tebur.

Na ce, "Kai, in ya kaɗa ba ta gama ba fa?"

"Yaya, mota ba ta jiran fasinja. In kin jira mutum ɗaya kin makarar da kowa."

"Kowa su wa? Ita kaɗai ce fa."

Ya yi min murmushin tausayi, ya ce tsari ne, ba lallai in gane ba.

Haka aka yi ta yi. Auta na tsakiyar kalma, agogo ya kwartsa ihu, uwar ta zare littafin tana ba ta haƙuri, ta tura mata na lissafi. In aka ɗan ƙara minti, sai ga waya daga ofis: an tashi kan lokaci? Da yamma ya dawo ya tsaya gaban kwalinsa, hannu a aljihu, yana yi wa kowane layi maki. Har hoto ya ɗauka ya nuna wa abokan aiki, wai wata biyu ba a makara ko sau ɗaya ba. Ko da wasa bai taɓa cewa yarinya ta karanta masa wani abu ba. Ni kam abin ya ishe ni.

Ranar da kamfani ya tura shi kwas, na je gidan da safe na zare batirin agogon na jefa a jaka. Uwar ta kashe wayarta. Muka zaunar da Auta, muka buɗe mata shafin farko.

Na ce, "Yau babu mai kora. Layin nan kawai, ko zuwa yamma ne."

Ta ɗora yatsa a kan kalmar farko, ta fara ja a hankali, leɓenta na motsi. Uwar ta matso har kafaɗarsu ta haɗu, tana kasa kunne. Babu abin da ke fitowa. Yatsan ya kai ƙarshen layi ya dawo farko, ya sake tafiya. Sai a lokacin na lura idonta ba ya kan takardar, yana kan agogon da ke kan tebur.

Uwar ta ce, "Ɗaga murya mana, 'yar albarka, in ji."

Auta ta dube ta, ta dube ni, idanunta suka ciko.

"Gwaggo, yaushe zai kaɗa? Kullum iya nan nake yi, sai ya kaɗa."