Naman da Philomena Ta Mayar

Philomena ta juya cinyar kaza a cikin mai, ta kau da kai kamar wadda aka yi wa laifi. Ƙamshi ya cika ɗakin girki, ya fita tsakar gida bai tarar da kowa ba. 'Yan hayan gidan kaf sun hau manyan motoci sun tafi garuruwansu yin Kirsimeti, sun bar ta da ƙofofi a garƙame. Ɗanta Kenechukwu ya kira daga Fatakwal da safe, minti biyu, rabinsa hayaniyar jikoki.

Wata bakwai ke nan tana wannan yaƙi. Likita ya auna sukarinta, ya taɓa yatsun ƙafarta da suka fara daina ji, ya ce in ba ta rage ƙiba ba, ƙafar ce za ta tafi. Daga ranar ta yi sallama da shinkafa da sakwara da lemon kwalba. Kullum da safe takan taka daga Sabon Gari zuwa Fagge ta dawo, masu adaidaita suna danna mata oda tana ɗaga musu hannu. Kilo goma sha biyar ta zubar. Zanin da a da sai da ƙyar yake haɗuwa, yanzu har rara yake yi. Amma ba wanda ya ce mata sannu da ƙoƙari, sai masu tambaya ko lafiya.

Abin da ya fi yunwa ci mata rai shi ne Hajiya Mahbuba. Mazajensu sun yi maƙwabtakar shago a Kantin Kwari, kuma shekara ashirin da biyu ke nan Hajiya na aiko soyayyen nama da Babbar Sallah, ita kuma ta aika shinkafa da Kirsimeti. Mazan sun rasu, kuloli ba su daina kai da komo ba. To bana da naman ya iso, Philomena ta buɗe kular, yawu ya cika mata baki, ta san in ya kwana a ɗakin nan ko tsoka ɗaya ba za ta kai safe ba. Sai ta rufe, ta ce wa mai adaidaitar da ya kawo ya mayar, a ce ta gode. Tun daga nan in ta kira Hajiya, gaisuwa ce kawai: lafiya lau, madalla, sai an jima. Ita kuma nauyin faɗin ciwon take ji. A duk faɗin Kano ba ta da sauran wata ƙawa sai Hajiya.

Philomena ta juye shinkafar da ta dafa a babbar kula, ta jera kajin a kai. Wurin mahauci Musulmi ta kai aka yanka, yadda ta saba. Ko gishiri ba ta ɗanɗana ba, da ido ta auna. Wannan karon ba ta aiki kowa ba, da kanta ta ɗauka.

A Fagge, unguwar su Hajiya, ranar aiki ce kamar kowace, 'yan dako na ta ratsa lungu da dilolin atamfa. Ta tarar da Hajiya a kan tabarma tana tsinkar zogale.

"Maman Kene? Ke ce kika koma haka?"

"Ni ce, Hajiya. Ga abincin Kirsimeti."

Hajiya ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ajiye a gefe. "An gode. Allah ya maimaita mana." Ta koma kan zogalenta.

Philomena ta tsaya kamar baƙuwar da ta ɓata gida. Can ta ce, "Hajiya, ciwon sukari ne da ni. Allah ya sani ba raini ba ne. Tsoron kaina na ji, in na ajiye naman nan sai na cinye shi."

Hajiya ta dube ta. "Kin san abin da aka ce a gidan nan ranar da naman ya dawo? Surukata cewa ta yi wai a coci aka hana ku cin naman layya."

Ta kwance bakin zaninta, ta fito da 'yar leda. Fararen ƙwayoyi ne a ciki, irin waɗanda Philomena ke haɗiya safe da yamma.

"Shekara shida rabona da shinkafarki, Maman Kene. Ko cokali ɗaya."

"Amma duk shekara kina ce min ta yi daɗi."

"'Yan gida ke gaya min, ni kuma in gaya miki. In karɓa, in yi godiya, in raba musu. Ai ba a mayar da abinci."

Ta kira surukarta ta shiga da kular ciki. Ba a jima ba aka fara jin ƙarar farantai da cokula. Hajiya ta gyara zama, ta tura faifan zogalen tsakaninsu.

"Zauna ki taya ni. Wannan dai muna iya ci."

Philomena ta zauna, ta ɗauki reshe ɗaya, ta kasa tsinka. "Shekara shida, Hajiya. Me ya hana ki gaya min?"

Hajiya ba ta ɗago kai ba.

"Da na gaya miki, da kin daina aikowa."