Ferewa Ko Yankewa

Tsohon ya riga ya sauko da ƙafarsa daga gadon asibiti, yana laluben takalmi, lokacin da 'yarsa ta riƙe masa hannun riga.

"Baba, don Allah ka tsaya."

"In tsaya a raba ni da yatsana? Ke da bakinki kika ce yanka."

Ita ta faɗa kuwa. Likitan baƙo ne, Turanci kawai yake ji, ita ko Turancinta na ajin manya ne, wanda ta shiga bayan ta yaye ɗanta na uku. Ya nuna gyambon da ciwon suga ya ci a babban yatsan ƙafar tsohon, ya furta wata gajeriyar kalma, ita kuma ta cafko ta Hausa da ta fi kusa da bakinta.

Likitan ya maimaita a hankali, yana zagaya yatsa a iska. Abin da ta tsinta shi ne: yau za a yi, in ba haka ba ciwon zai haura.

"Ba yankewa ba ne, Baba. Kamar... ɓarewa."

Ya harare ta. Shekara arba'in ya yi yana sayar da kayan marmari a bakin tasha.

"Ayaba ce ni? Ɓarewa da hannu ake yi. Shi kuwa ga wuƙa can a faranti."

"To, kankarewa."

"Wannan na gindin tukunya ne."

"Datsewa..."

"Kin ji ko! Abin da aka datse ya tafi ke nan."

Ya samu takalmin, har ya zura lafiyayyar ƙafar.

"Ferewa ne," ta ce. "Yadda kake yi wa lemu. Ɓawon kawai."

Ya tsaya cak.

"Ba zai taɓa tsoka ba? Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Baba."

Ya mayar da ƙafar kan gado.

Ma'aikaciyar jinya ta ja labule, ta ce ta jira a baranda. Nan ta ciro waya, ta rubuta kalmar likitan yadda kunnenta ya ji ta. Ƙamus ya ba ta ma'ana biyu: a gyara gefen abu, ko a yanke wani sashe nasa. Ta karanta, ta sake karantawa.

Daga bayan labule ta ji ƙarfe ya bugi faranti, sai muryar tsohon, da Hausa, cikin natsuwa:

"A hankali, ɗana. Kada ka zurfafa wuƙa. Ɓawon kawai."