Fanka ta Biyu

Bahago yana tsakiyar tsallake gada a cikin wasan, abokan gaba biyu a gabansa, sai hoton ya fara tsinkewa kamar mai in'ina. Ya danna, ya sake dannawa, mutumin nasa ya ƙi motsi. Kafin ya buɗe baki allon kwamfutar ya yi baƙi ƙirin.

"Ta sake ɗaukewa ko?" Muryar Kyaftin ce daga wayar da ke jingine da kofin shayi. Taubashinsa ne, ɗan kawunsa, gida ɗaya suka tashi, kuma shi ne shugaban ƙungiyarsu ta wasan kwamfuta. Su uku ne, na ukun Likita, wanda bai taɓa duba marar lafiya ba, kantin magani kawai yake tsaro.

Bahago ya taɓa ƙasan kwamfutar ya janye hannu da sauri. Ya riga ya ɗora ta a kan murafen kwalba don iska ta shiga, ya juyo mata da fankar ɗaki, har ledar ƙanƙara ya ajiye a gefenta. Duk a banza.

Matarsa ta leƙo daga kicin, jaririnsu a kafaɗa. "Ni dai da za ka ba ni aronta in goge kayan makarantar yarinyar nan, da an huta."

Bai yi dariya ba. Yau ce ranar gasar, da la'asar, kuma ƙungiyar da ta ci ita za a ɗauki nauyinta zuwa babban zagaye. Shekara da shekaru suna jiran irin wannan rana.

"Ɗan'uwa, kar ka wahalar da kanka," in ji Kyaftin. "Ka huta yau. Za mu san yadda za mu yi."

"Yadda za ku yi da wa? Yanzu zan kai ta gyara."

"Gyara kuma? Waɗannan mutanen ƙarasa ta za su yi. Ai na buɗe ta kwanaki, na share mata ƙura tsaf. Tsufa ne kawai ya kama ta."

"Mu haɗu a can," Bahago ya ce, ya kashe wayar.

Ya kira maigidansa a wurin buga takardu da riguna inda yake aiki, ya nemi hutun yini. Sannan ya cusa kwamfutar a jaka tun ba ta huce ba, yana jin ɗuminta a bayansa har ya shiga bas.

Layin masu gyara a kasuwa cike yake da ƙarar janareto da warin dalma. Shagon da aka yi masa kwatance ɗan tsukuku ne, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Mai gyaran dattijo ne mai gilashi biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya kunna ta, ya kara kunne a gefe ɗaya, ya koma ɗaya gefen.

"Kana jin fanka idan kana wasa?"

"Sosai ma, Baba. Kamar jirgi zai tashi."

"To, bari mu gani."

Ya kwance ƙananan notuna yana jera su a murfin gwangwani, ya ɗaga marfin ƙasa. Ciki tas, babu ƙura ko kaɗan. Ya hura fankar dama ta juya, ya hura ta hagu ita ma ta juya. Sai ya sa bakin sukurdireba ya nuna wani abu.

"Fanka biyu gare ta. Ɗaya ce ke aiki, shi ya sa take ihu, ita kaɗai ke ɗaukar kayan mutum biyu. Wannan kuwa wayarta a zare take."

"Ta fice ke nan? Ko don ina yawan saka ta a jaka?"

Dattijon ya juyo masa da kwamfutar. Siririyar wayar a lanƙwashe take, an kwantar da ita gefe, an liƙe kanta da ɗan salatif baƙi, yankan almakashi, daidai wa daida.

"Waya tana ficewa," ya ce. "Amma ban taɓa ganin wadda ta liƙe kanta ba. Wa ya buɗe maka ita?"

Bahago ya tsaya yana kallon salatif ɗin. Ya tuna ranar da Kyaftin ya zo ya ɗauke ta, ya ce zai yi mata wanka kafin gasa. Washegari ya dawo da ita a goge tana ƙyalli, har ya zauna ya ci abinci a gidan, ya ɗauki jaririn yana yi masa wasa.

"Wani ne," ya ce.

Dattijon bai ƙara tambaya ba. Ya ɓare salatif ɗin, ya mayar da wayar raminta, ya goge tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar na'urar ya shafa sabo. Da ya kunna, fankokin biyu suka tashi tare, da wata 'yar siririyar murya da Bahago ya manta tana da ita. Suka buɗe wasan suka bar shi yana gudu. Ya ɗora tafin hannu a kan madannan. Ɗumi kawai, irin na goshin yaro mai lafiya.

A cikin bas ya yi ta nema wa Kyaftin uzuri. Wataƙila ya zare ta ne don ya share, ya manta. Wataƙila ya liƙe ta ne don kar ta dame shi yana aiki. Mutum yana mantuwa. Ya ciro waya zai kira, ya mayar. Kwandasta ya yi masa magana sau biyu kafin ya ji.

Babban ɗakin gasar ya cika da matasa, wayoyin lantarki shimfiɗe a ƙasa, ƙaton allo a bango. Ya hango su a kusurwa, sanye da jajayen rigunan ƙungiya. Su uku ne. Na ukun wani matashi ne siriri, yana taunar cingam, yana murza yatsu. A bayan rigarsa an buga laƙabinsa, Walƙiya, da manyan haruffa.

Bahago ya tsaya cak. Aikinsa ne buga riguna, ya san wannan irin rubutun ba a safiya ɗaya ake yin sa ba. Sai an yi oda, an jira, an karɓo. Kuma ba a shagonsu aka buga ba.

Likita ne ya fara ganinsa. Ya sunkuya nan da nan yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Kyaftin ya taso da murmushi, ya kama hannunsa ya ja shi zuwa barandar waje.

"Ɗan'uwa, ai na ce ka huta. Yaron nan taimaka mana kawai zai yi, tunda kwamfutarka..."

"An gyara ta."

"Kai, haba? Me aka ce ya same ta?"

"Salatif."

Murmushin ya ɗan tsaya a fuskar Kyaftin, sannan ya zube. Ya saki hannun Bahago, ya dubi motocin da ke wucewa a titi.

"Hannunka ya yi sanyi," ya ce a hankali. "Ka san gaskiya nake faɗa. Tun da aka yi maka haihuwar nan ba ka samun lokacin atisaye. Sau nawa aka cinye mu ta ɓangarenka? Wannan damar ba za ta dawo ba."

"Da ka faɗa mini."

"Ta yaya? In kalli idonka in ce ka tsufa da wasa? Gobe Inna ta kira ni ta ce na wulaƙanta ɗan 'yar'uwar Baba? Na ga in kwamfuta ce ta hana ka, ba wanda zai ji kunya. Bayan gasa da kaina zan mayar da wayar. Wallahi niyyata ke nan."

"Ba wanda zai ji kunya," Bahago ya maimaita. Ya rage murya. "Ka san na yi wa matata tsawa a gaban yara? Na ce ita ta ɗora ta a kan katifa ta toshe mata iska. Ta yi ta rantsuwa, ban yarda ba. Kai kuma kullum kana kan waya kana ce mini sannu, Allah ya kyauta."

"Ban san abin zai kai haka ba."

"Likita ya sani?"

Kyaftin ya kawar da kai.

Daga ciki lasifika ta kira sunan ƙungiyarsu. Kyaftin ya dubi ƙofa, ya dubi Bahago, ya ɗaga hannu kamar zai dafa kafaɗarsa, sai ya fasa.

"Za mu yi magana bayan an gama. Don Allah."

Ya shige da sauri.

Bahago ya yi niyyar tafiya. Har ya sauka matakala, sai ya ji tafi ya ɓarke, ƙafafunsa suka dawo da shi. Ya samu kujera a layin ƙarshe, kusa da wata mata da ta rako ƙaninta, ya ɗora jakar a cinya ya rungume.

Filin wasan da ya fito a ƙaton allon Bahago ya san shi lungu-lungu. Ba tare da ya sani ba yatsunsa na hagu suka fara motsi a kan jakar. Kyaftin ya kutsa gaba kamar yadda ya saba, bai duba baya ba, don bai taɓa buƙatar dubawa ba, Bahago ne ya saba tsare masa baya. A saman wani rufi Bahago ya hango inuwa tana rarrafe.

"Bayanka!" ya ƙwala, yana rabin miƙewa.

Mutane suka juyo. Kyaftin bai ji ba, kunnuwansa a toshe suke da abin sauraro. Kuma babu buƙata. Kafin kalmar ta gama fita daga bakin Bahago, Walƙiya ya riga ya juya, ya sauke na kan rufin, ya sauke wani a bayan mota wanda Bahago bai ma gani ba. Ɗakin ya ɗauki ihu. A can gaba Kyaftin ya miƙa hannu ya bugi kafaɗar yaron yana dariya.

Bahago ya koma ya zauna a hankali. Ya san ko a shekarun da hannunsa ke da zafi ba zai yi wannan ba. Sanin hakan bai rage masa komai ba.

Matar da ke gefensa ta dube shi da fara'a. "Kai, yaron nan akwai sauri. Ƙungiyarku ce?"

Ya dubi jajayen rigunan uku.

"A'a," ya ce. "Na dai san su."

Ya rataya jakarsa, ya nemi ta ɗan janye ƙafa ya wuce.