Wayar Da Ta Tsaya a 2015

"Umma, wannan matar ɓarauniya ce? Kalli wayoyi cike da jaka!"

Suwaiba ta yi wuf ta toshe bakin Mufida, kunya kamar ta nutse. Matar da ke kusa da su a bencin asibitin garin Kibiya ta fashe da dariya.

"Ƙyale ta, 'yar'uwa. Sha bakwai ne, wurin masu gyara na tattaro su a kasuwar Rano don gwaji. Sunana Halima Sadiya. Ni na haɗa manhajar da ke tuna wa iyaye ranar rigakafi."

Nan take Suwaiba ta haɗe rai. Yanzun nan ma'aikaciyar jinya ta wanke ta tas a gaban jama'a, don Mahdi da ke goye a bayanta ya wuce ranar allurar ƙyanda da sati uku, ga cutar ta shiga gida biyu a garinsu Durba. Yau an yi masa, amma akwai wata a gaba.

"To, abin naki bai yi ƙara ba. Ni aka mayar sakarya."

Halima Sadiya ba ta kare kanta ba. Hannu biyu ta sa ta karɓi tsohuwar wayar Suwaiba, ta jera ta cikin nata, ta sa wa kowace tunatarwa ta ranar, ƙarfe sha biyu. Lokaci na cika sha bakwai suka ɗauka, wata da kuwwa, wata a shaƙe. Ta Suwaiba ko tari.

"Kowace da halinta," in ji ta, tana latsawa. "Wata kashe manhaja take don tattalin caji, wata ta tsufa ba ta gane sabon tsari. Amma taki... Ikon Allah! Yaya kike caji?"

"Baban Mufida ke zare batirin ya kai shagon Mato. Wa zai ba da waya sukutum?"

"Shi ke nan! Batiri na fita, kwanan wata ya koma 2015. A wurin wayar nan ko aure ba ki yi ba, balle Mahdi."

Ta miƙe ta leƙa ɗakin allura, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Sista, ba sakacinta ba ne. Ni ce ban taɓa gwada zare batiri ba."

Suwaiba ta bi ta da kallo, idonta ya kawo ruwa. Da matar ta dawo ta miƙa mata wata wayar daga jaka a madadin tata, sai Suwaiba ta girgiza kai.

"Matan layinmu duk irin tawa gare su, kuma duk Mato ke musu caji. Riƙe ta ki gyara manhajar a kanta. Ran kasuwa na zo na karɓa."

Ta gyara goyo, ta ja hannun Mufida. Kafin la'asar ta shiga gida shida a Durba tana duba kwanan watan wayoyi.

Ke ma mai goyo, in batirinki ya dawo daga caji, duba kwanan wata kafin ki saki jiki.