Alobera Kafin Awon Jini

Saura kwana tara a yi wa direbobin kamfanin sabulu awon jini na shekara, kuma duk garejin babu wanda hantarsa ke kaɗawa kamar Sannu-Sannu. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don shekara goma sha tara yana kai su yana dawo da su a bas mai kujera talatin da biyu, bai taɓa barin allurar gudu ta haura sittin ba. Ko kaza bai taɓa takewa ba.

Wata biyu da suka wuce wani likita ya ce masa sugansa ya hau, ya rubuta masa magani, ya ce ya dawo. Bai koma ba. Maganin ma sati guda ya sha ya watsar, don a ganinsa mai haɗiyar ƙwaya kullum ya riga ya zama majinyaci, shi kuwa ƙalau yake. Ko matarsa bai faɗa wa ba. Dokar kamfani kuma ba ta san sabo ba: in awo ya nuna suga ya yi yawa, a karɓi makulli, sai ranar da likita ya sa hannu, in ma ya sa.

Da hantsi, ya sauke ma'aikata yana zaune kan tsohuwar taya yana kwankwaɗar ruwa, sai ga ƙanin matarsa. Manaja ake ce masa, ba don ya taɓa riƙe ko shagon kati ba, sai don jaka da laktaye ba sa rabuwa da shi. Bana kuma alobera yake sayarwa, wani ruwan ganye na kwalba da ake sha.

"Yaya, barka da hutawa," in ji Manaja, ya zaro wata koriyar kwalba ya ɗora masa a cinya. "Wannan ba magani ba ne, wanki ne. Kwalba uku, kwana tara, jininka ya koma na jariri. Direbobinku huɗu sun saya tun jiya."

Sannu-Sannu ya juya kwalbar kamar bai damu ba. "Wani abokina ne dai aka ce yana da ɗan suga. Shi ma yana yi masa?"

"Abokin nan naka, shi ma kullum da gorar ruwa yake yawo?" Manaja ya kwashe da dariya. "Kwantar da hankalinka, Yaya, bakina alaikum. Yayata ba za ta ji daga gare ni ba."

Sannu-Sannu ya san halinsa. In Manaja ya ce bakinsa alaikum, to kafin la'asar unguwa ta ji. Da ya tambayi farashi aka faɗa masa, sai da ya sake tambaya, don kwalba ukun sun kusa cinye albashin sati biyu. Ya ce zai yi tunani. Manaja ya bar masa kwalbar talla, wadda babu komai a ciki, ya ce zai kira shi da ƙarfe huɗu ya ji nawa zai kawo.

Abin da ya hana shi korar maganar nan take shi ne ya san dabarar, a cikinta ya girma. Duk direban garejin nan ya san yadda ake yi wa tsohuwar mota in jami'an duba motoci za su zo: a ɗura mata baƙin mai mai kauri, salansa ta daina hayaƙi na kwana biyu, a buga hatimi, kowa ya kama gabansa. Shi bai taɓa yarda a yi wa bas ɗinsa haka ba, har faɗa ya sha yi da kanikawa a kai. Amma yanzu da abin ya zo kan jikinsa, sai ya ji dabarar ba ta da muni sosai. Kwana tara kawai yake nema. In ya haye, wallahi zai koma wa likita da ƙafarsa.

Duk da haka kuɗin ya tsaya masa a wuya, sai ya tsallaka titi zuwa kemis ɗin da ke kallon ƙofar kamfani. Mai kemis dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ya miƙa mata kwalbar, ya fara labarin abokinsa mai suga da ya watsar da maganin likita.

"Malam, bar abokin nan ya huta," in ji ta. Ta kai kwalbar kusa da fitila ta bi ƙananan rubutun da yatsa. "Ga shi su da kansu sun rubuta ba ya warkar da wata cuta. Ban ce guba ba ne, mutane na sha. Amma wani irinsa yana sa gudawa, kuma mai suga ba ya haɗa shi da magani sai da sanin likita. Wane awo za a yi muku?"

Ya zaro takardar kamfani daga aljihu ya nuna mata. Ta duba, ta girgiza kai.

"Wannan ba sugan ranar yake dubawa ba. Na wajen wata uku baya yake nunawa. Ko tanki ka shanye a kwana tara, abin da ya wuce yana nan."

Ya ninke takardar. "To ba wata dabara ke nan, Hajiya?"

"Dabarar ita ce wadda ka watsar. Ka koma wa likitanka, da yawa suna shan magani suna aikinsu." Ta dube shi ta saman tabarau. "Idonka fa? Yana yi maka dishi-dishi?"

"Garau nake gani," ya ce, ya ɗauki kwalbar ya fita ko sallama babu.

Ƙarya ya yi, kuma ƙaryar ta bi shi har gareji. Sau biyu cikin makon nan, da yamma, fitilun kan hanya sun narke masa. Ya ce gilashin motar ne, ya sa aka wanke. Yinin ranar bai iya cin komai ba. Ya zauna, ya tashi, ya zaga bas ɗin, yana ta lissafin wataƙila: wataƙila dattijuwar ba ta san sabon abu ba, wataƙila mutum huɗu ba za su yi wauta tare ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kan titi ba. In aka karɓi makullin nan, bai san wani aiki ba a duniya.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan ya hau kujerarsa ya tayar da inji. Bas ɗin da ke gabansa shekara shida yana bin bayanta, lambarta ya haddace kamar sunan 'ya'yansa. Ya dube ta, sai ya ga farin allo da baƙin dabbare-dabbare. Ya murtsuke ido. Ya sa hannun riga ya goge gilashi. Lambar ba ta dawo ba.

Ma'aikata suka fara shigowa, ƙamshin sabulu na biye da su. Wata mai tsohon ciki ta kama ƙarfen ƙofa tana hawa da ƙyar.

"Baba Sannu-Sannu, ai tun ɗazu nake jiran motarka," ta ce tana haki. "Ita kaɗai ce nake iya barci a ciki."

Wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne.

"Yaya, uku zan kawo ko huɗu?"

Sannu-Sannu ya kalli madubi. Kujeru sun kusa cika, wasu har sun jingina kai sun lumshe ido.

"Kada ka kawo ko ɗaya," ya ce. "Kuma kada ka riga ni gida, ni zan faɗa wa yayarka."

Ya kashe injin. Ya sauka, ya taka har ofishin shugaban gareji, ya ajiye makulli a kan tebur.

"Oga, a ba wani ya kai su. Ba na gani sosai. Gobe zan je asibiti."

Oga ya dube shi, ya dubi makullin, sannan ya ɗaga waya ya kira direban ko-ta-kwana.

Gidansa a kan hanyar bas ɗin yake, don haka ciki ya koma, ya zauna a kujera ta uku gefen taga. Bai taɓa sanin kujerun nan suna da tauri haka ba. Sabon direban ya fizgi motar ya hau titi. Da suka doshi mahaɗar farko, tun da sauran nisa, ƙafar Sannu-Sannu ta dama ta ɗaga da kanta ta danna ƙasa a hankali, inda babu birki. Sai ya juya fuskarsa wajen taga, don kada mai cikin ta ga hawayensa.