Jan Iccen Hafizu

Zakariya'u marini ne a Maraɗi, ya shekara talatin hannunsa cikin baba. Ƙanensa Hafizu kuwa manomi ne, yana da garka a Jiratawa.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wani ma'aikacin gandun daji ya raba musu dashen wani baƙon icce mai ƙaya, wai shi kamfeshi, ya ce in ya girma ana rini da shi. Zakariya'u ya yi dariya, ya ajiye nasa a bayan gida har awaki suka cinye. Hafizu ya shuka nasa a bakin garka, yana ba shi ruwa tare da albasa.

Ran nan Hajiya Raihanatu, mai sayar da shadda, ta zo marina da wani ƙyalle a hannu, launinsa tsakanin baƙi da shuɗi, yana ɗaukar ido.

"Malam Zakari, irin wannan nake so. Ƙanenka ya yi mini a tukunyar matarsa."

Zakariya'u ya juya ƙyallen, ya shinshina, ya gane rinin baƙon iccen nan ne. Hafizu, wanda bai taɓa riƙe muciyar rini ba!

"Wannan ai ba wani abu ba ne, Hajiya. Kawo shaddar."

Da ya roƙi ƙanensa, gara ya rufe marinar. Ranar Juma'a, ya san Hafizu ya tafi suna Tsibiri, sai ya hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Itatuwan sun yi furanni rawaya, zuma na ta kuka a kai. Ya tsaya yana kallo, kyansu ma haushi yake ba shi. Ya sassare ƙananan rassa, ƙaya na yagar hannunsa, ya cika buhu.

Ya dafa su wuni guda. Ruwan ya fito kamar wankin shinkafa. Duk da haka ya tsoma shaddar Hajiya, ta fito dabbare-dabbare.

Washegari sai ga Hafizu da ƙunshi a kafaɗa.

"Yaya, na ga sara a garka, maƙwabcina ya ce kai ne. Ai launin ba a reshe yake ba, yana can tsakiyar gindin da ya tsufa. Da ka faɗa mini."

Ya kwance ƙunshin: guntayen icce ne jajawur, masu nauyi.

"Ajiye nan," in ji Zakariya'u, bai ɗago kai ba.

Da Hafizu ya tafi, ya farfasa su ya dafa, ya zuba alif don launin ya kama, ya sake tsoma shaddar. Ta fito fiye da ƙyallen Hajiya nesa ba kusa ba, don hannun gwani daban ne. Maƙwabta suka taru a bakin igiyar shanya.

"Kai, Malam Zakari! Iccen Hafizu ne wannan?"

"Aikina ne," ya ce da ƙarfi.

"Lallai Hafizu ya yi hangen nesa," in ji wani tsoho.

Zakariya'u ya sauke shaddar tun ba ta gama bushewa ba, ya shige da ita ɗaki.